Gwanayen Jinyar Zuciyar da Ta Gaji

Ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya, idan ta shiga wurin mai ciwon zuciya, ba ta farawa da ɗaura masa abin awon jini a damtse. Sai an gaisa, an yi sannu da jiki, sannan ta jefo tambaya kamar da wasa: "Baba, jiya da filo nawa ka kwana?" Wanda bai san dawan garin ba zai ɗauka hira ce. Ita kuwa awo take yi. Idan makon jiya filo ɗaya ya ishe shi, jiya kuma sai da aka jera uku, ko ma a zaune ya kwana jingine da bango, ta san ruwa ya soma taruwa a huhu. Ta kuma san akwai 'yan kwanaki da za a iya gyara abin da ƙwaya, kafin a kai ga neman mota da tsakar dare.

Ciwon shi ne gazawar zuciya mai daɗewa. Zuciyar ba ta tsaya ba, ƙarfinta ne ya ragu. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san tsohon injin ban-ruwa: yana ta ruri, amma abin da yake turawa gaba bai kai abin da ke zuwa masa ba, sai ruwa ya kwanta a baya. Jinin da ke isa gaɓoɓi ya yi kaɗan, shi ya sa mutum zai gaji tsakanin ɗaki da banɗaki. Ƙoda kuma da ta ga jini ya ragu, sai ta ɗauka jiki ya bushe, ta riƙe gishiri da ruwa, ta ƙara wa zuciya kayan da dama ta kasa ɗauka. Ruwan nan shi ne kumburin ƙafa, shi ne cikin da ke tasowa, shi ne hantar da ta cika har mutum ya ji ya ƙoshi bayan loma uku. In ya kwanta a miƙe, ruwan ƙafafu ya gangaro ƙirji, numfashi ya sarƙe.

A Turai ciwon tsofaffi ne. A nan kuwa magidanta yake kamawa suna tsakiyar neman abinci. Wani bincike da aka wallafa a 2012, wanda ya bi majinyata 1,006 a ƙasashen Afirka 9 har da Najeriya, ya samu matsakaicin shekarunsu 52, kuma hawan jini shi ne kan gaba wajen jawo ciwon. Wani na 2017 ya nuna kashi 34 cikin 100 na majinyatan da aka bi a Afirka sun rasu cikin shekara guda, fiye da kowane yanki da aka duba.

Ƙasar Hausa kuma tana da nata nau'in da likitocin duniya suka san ta da shi, wato zuciyar da ke gazawa a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa. A Zariya, Neil Davidson da Farfesa Eldryd Parry sun bi mata 224 masu wannan ciwo, suka wallafa abin da suka gani a 1978, suna zargin kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. A Sakkwato, Farfesa Simeon Isezuo da abokin aikinsa sun ba da rahoto a 2007 cewa a asibitinsu ana samun ciwon sau 1 cikin haihuwa 102. Daga baya Farfesa Kamilu Musa Karaye na Kano ya jagoranci rajistar da ta tattara mata 406 daga asibitoci 22 a faɗin ƙasar tsakanin 2017 da 2018, kusan kashi uku cikin huɗu daga Arewa maso Yamma. Ayyukansa sun kawar da ido daga al'adun jego, suka mai da shi kan rama, rashin karatu, rashin sana'a, hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Zamfara tana zaune ne tsakanin waɗannan garuruwa uku, abinci ɗaya, al'ada ɗaya. Saboda haka mai ciwon zuciya a Damba ko Tsafe ko Bungudu ba lallai dattijo ba ne. Tana iya zama yarinya 'yar shekara 22 da jinjiri a cinya.

Akwai wata magana da kusan kowane gida ya taɓa ji a bakin gadon asibiti: "An yi iya ƙoƙari, a koma gida a yi ta addu'a." Gwanintar da nake yabo daga nan take farawa. Ita ce jinyar sassauci: kula da mutumin da ciwonsa ba zai warke ba, ta yadda zai yi numfashi, ya yi barci, ya ci, ya yi sallarsa, ya kuma san halin da yake ciki. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ita ta kafa ta a matsayin fanni, tana mai cewa raɗaɗin mai ciwon ajali ba na jiki kaɗai ba ne, akwai na tsoro, na iyali, da na tsakaninsa da Mahaliccinsa. A Najeriya, Farfesa Olaitan Soyannwo ta jagoranci buɗe sashen wannan jinya a asibitin koyarwa na Ibadan a 2007. Mutane sun fi danganta ta da ciwon daji, alhali ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masu ciwon zuciya da jijiyoyin jini a gaba, kashi 38.5 cikin 100 na manyan da ke buƙatarta, masu daji kuma 34. Hukumar ta ce kusan kashi 14 ne kawai na mabuƙata ke samu.

Jinyar zuciya ta fi wuyar karantawa. Daji idan ya zo ƙarshe yakan gangara a jere, har iyali su gane lokaci ya gabato. Zuciya ba ta haka. Yau mutum yana kwance an tara 'yan'uwa ana laƙƙana masa kalmar shahada; a yi masa allurar fitsari kwana uku, sai ga shi zaune a ƙofar gida da rediyo a kunne. Sai dai duk faɗuwar da ya yi, in ya tashi ba ya komawa inda yake a da. Yana kuma iya tafiya farat ɗaya ranar da kowa ke cewa jiki ya yi kyau, don bugun zuciyar ya rikice. Wanda ya ce zai jira sai an tabbatar ƙarshe ya zo kafin ya fara sassauta wa majinyaci, to ba zai taɓa farawa ba. Don haka ake tafiya da maganin zuciya da jinyar sassauci tare. A Jami'ar Duke ta Amurka an gwada hakan da majinyata 150, aka wallafa a 2017: waɗanda aka ƙara wa wannan kulawa sun fi jin daɗin rayuwa bayan wata shida, damuwa da fargaba sun ragu, ko da yake adadin mace-mace bai sauya ba.

Rabin gwanintar karatun ruwa ne. Za ka ga ma'aikaciyar ta ɗora babban yatsa a kan ƙwaurin majinyaci, ta danna, ta ɗan jira, ta ɗaga, ta dubi zurfin ramin da ya bari da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya ciko. Ba ta tsaya a idon sawu ba, tana hawa sama tana dannawa har ta gano inda kumburin ya ƙare, don gobe ta san ko ya hau ko ya sauka. In majinyacin ya daɗe a kwance, ƙafa na iya yaudara, sai ta juya shi a hankali ta danna ƙugu, domin can ruwan yake komawa. Ta dubi jijiyar wuya ko ta cika. Sannan sikeli: kowace safiya, bayan fitsari, kafin karin kumallo, da irin tufafi ɗaya. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne. Nan ne 'yan dubiya kan yi kuskure cikin kyakkyawar niyya, su ce, "Masha Allah, Hajiya ta fara murmurewa, har ta yi ƙiba." Gwana kuwa kafaɗa take kallo da kumatu, inda tsoka ke zaizayewa a ɓoye. A gidan da babu sikeli tana koya musu lura da takalmin da ya daina shiga, da zoben da ya matse, da zaren da aka ƙulla daidai faɗin ciki. Bai kai sikeli ba, amma ya fi zato.

Maganin fitsarin da aka fi sani da Lasix yakan fara aiki cikin sa'a guda, ya yi kamar sa'o'i shida. Sanin wannan kaɗai yana gyara rayuwar mutum. A sha da sassafe. In sau biyu likita ya rubuta, na biyun ya kasance wajen azahar, don kada a kwana ana zarya. Dattawa da yawa suna ɓoye ƙwayar ne ba don taurin kai ba, sai don tana karya musu alwala, ko tana kunyata su a masallacin Juma'a ko a mota. Ba za su faɗa ba sai an tambaye su a keɓe. Wadda ta ƙware takan ce, "Baba, ranar Juma'a ka bari sai ka sauko, sannan ka sha." Ta san kuma ɗaya gefen. A bazarar Gusau, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma gumi na zuba, ko in gudawa ta kama majinyaci, wannan ƙwayar tana iya busar da shi har ya ji jiri in ya miƙe, ƙoda ta wahala. Sai ta kira likita a rage. In kuma hanji ya kumbura har ƙwayar ba ta shiga jini, ƙara yawanta ɓata kuɗi ne, lokacin allura ya yi.

Daga ɗaki sai madafi, kuma a ganina nan ake bambanta gwana da mai karanta takarda. Cewa "a daina cin gishiri" abu ne mai sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi. Amma gishirin da ake barbaɗawa ba shi kaɗai ba ne. Yana cikin ɗunƙulen ɗanɗano da ake jefa uku ko huɗu a tukunya ɗaya, yana cikin yajin tsire da kilishi da burodi da garin taliyar leda. Kanwa ma 'yar gidansu ce, domin sinadarin da ke riƙe ruwa a gishiri shi ne ya cika ta. Malamai na iya ci gaba da muhawara a kan ko kunun kanwa ke jawo ciwon mai jego. Wadda zuciyarta ta riga ta yi rauni dai ba ta da rabo a cikinsa. Gwana takan zauna da mai girki, ba da maigida ba, ta ce, "Inna, in miya ta nuna, ki ɗebe masa tasa kafin ki zuba gishiri da magi." Sai a gyara tasa da albasa, tafarnuwa, citta, masoro, daddawa, ko a matsa lemun tsami. Ba a dafa tukunya biyu ba, ba a kuma ware shi daga abincin gida ba. Amma idan kwanaki sun ja, cin abincin ma ya zama aiki, sai ta sassauta dokar da kanta. In ya ce ƙosai yake marmari, a ba shi.

Ƙishirwa ma ana mata dabara. In likita ya ƙayyade ruwa, misali lita ɗaya da rabi, to ledar fiyawata uku ke nan, har da kunu da shayi da fura a cikin lissafin. A kurkure baki a zubar, a tsotsi ƙanƙara ko ɓarin lemu, a yi asuwaki, a shafa man kaɗanya a leɓe.

Gwana tana kuma buɗe ledar magunguna ta zazzage a tabarma. Abin da take nema shi ne haɗin ciwon jiki da aka sayo a kyamis. Diklofenak da ibufurofen da 'yan'uwansu suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna taɓa ƙoda, kuma sukan mai da mai ciwon zuciya gadon asibiti. Farasitamol ya fi aminci. Jiƙe-jiƙen gida ma tana tambaya a kansu ba tare da faɗa ba, don in ta yi faɗa za a ci gaba da sha, a daina gaya mata.

Sauran rabin numfashi ne. Sarƙewar numfashi da dare tana zuwa da tsoron da ba a iya kwatantawa, tsoron kuma yana ƙara wa zuciya gudu, gudun ya ƙara sarƙewar. Abin da gida kan yi shi ne a taru a kansa, ana salati da ƙarfi, ana ƙoƙarin kwantar da shi. Gwana akasin haka take yi. Ta zaunar da shi a bakin gado, ƙafafu a ƙasa, ya ɗan sunkuyo ya ɗora hannuwa a kan filo ko bayan kujera. Ta rage mutane, ta buɗe taga. Ta durƙusa daidai fuskarsa ta ce, "Ina nan, Baba. Kada ka damu da jan iska, fitar da ita kawai, a hankali, kamar kana hura kunu." Sannan mafici, ko 'yar fankar nan mai caji, a saita iskar a hanci da baki da kumatu. Wannan ba camfi ba ne. Iska mai sanyi a fuska tana taɓa jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, ta rage jin shaƙewar, kuma a 2010 masu bincike a Kambirij ta Ingila sun gwada da mutum 50 suka ga iskar fuska ta fi wadda aka saita a ƙafa tasiri. Iskar oksijin da iyalai kan sayar da kadara don nema tana da amfani ne idan awo ya nuna ta yi ƙasa a jini. In kuwa numfashin ya ƙi lafawa, ko kumfa na fita a baki, ko ƙirji na ciwo, ko leɓe ya canza launi, wannan ba na gida ba ne, sai asibiti.

Mofin, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, yana da gurbinsa, musamman ga ciwo mai tsanani da kwanakin ƙarshe, a hannun likita, da ɗan kaɗan, ana lura da ƙoda da taurin bayan gida. Mu nan ɓarnar tiramol da kodin, wadda ta kai gwamnati ga hana maganin tari mai kodin a 2018, ta sa kowa na ɗari-ɗari da duk wani magani irin wannan. Yuganda ta nuna ana iya riƙe abu biyun, a tsare ɓarna, a kuma ba mabuƙaci maganinsa. Dakta Anne Merriman, wadda ta yi aikin likita a Najeriya tun tana matashiya, ta kafa gidan jinya a Kampala a 1993 da ruwan mofin mai araha da ake sha a gida, kuma a 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi.

Abin da ya fi duk wannan wuya shi ne magana. Sau da yawa babban ɗa zai tare ma'aikaciyar a zaure ya ce, "Don Allah kada a gaya masa." Ba ta musu, ba ta kuma yin alkawarin ƙarya. Takan shiga ta tambayi mai jikin: "Baba, kai yaya kake ganin ciwon nan? Me ya fi damun ka?" Mafi yawansu sun riga kowa sani. Abin da ke hana su barci bashi ne da ba a rubuta ba, ko gonar da ba a fayyace iyakarta ba, ko 'yar da ba a aurar ba, ko ɗan'uwan da aka yi shekaru ba a magana. Ba ta yanke wa kowa kwana, don ciwon da kansa ba ya bari a yi hakan, kuma rai a hannun Allah yake. Takan ce ana fatan sauƙi, ana kuma shiri, kuma wasiyya ba ta kashe kowa. Tana jawo malamin unguwa cikin lamarin, ya tabbatar wa majinyaci cewa sallah a zaune ko a kishingiɗe ta inganta, taimama ta halatta, kuma wanda ciwonsa ba a sa ran warkewarsa yana da sauƙin ciyarwa maimakon azumi. Dattijon da likita ya kasa hana shi azumi yakan saurari limaminsa.

Ga mai jego kuma maganar ta fi nauyi. In hoton zuciya ya nuna ba ta koma daidai ba, wani cikin na iya zama ajalinta. Faɗa mata ita kaɗai bai wadatar ba, tunda ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. Dole a zauna da mijin, wani lokaci da uwar mijin, a yi bayani cikin ladabi kuma ba kwana-kwana. Wasu matan zuciyarsu na farfaɗowa cikin watanni in sun riƙe magani, wannan ma haƙƙinsu ne su ji.

Sai batun hanya. Wanda ke Damba yana bakin Gusau, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ga Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Wanda ke ƙauyukan Tsafe ko Bungudu kuwa, fita da dare a shekarun nan na 'yan bindiga wani haɗarin ne na daban. Wannan ya sa karatun ruwa ya fi tsada a nan fiye da Landan: wanda ya gane ranar Talata da hantsi cewa nauyi ya hau, zai yi tafiyarsa da rana. Gwana tana sa a yanke shawara tun jiki na da dama: wa za a kira, motar wa, kuɗin na hannun wa, kuma idan an kai matakin da asibiti ba zai ƙara komai ba, a ina shi majinyacin yake so ya kasance. A wannan matakin likita kan rage ƙwayoyin da amfaninsu sai bayan shekaru, ya bar masu sauƙaƙa numfashi. Aiki ya koma juya shi duk bayan sa'o'i biyu don gudun gyambon kwanciya, shafa mai a fatar da kumburi ya miƙar, da jiƙa baki.

Duk wannan, in aka cire sa'a ɗayar da ma'aikaciya ta zo, mace ɗaya ce ke yin sa a gida, mata ko 'ya ko suruka, wadda ba wanda ke tambayar ta ko ta runtsa. Gwana tana tambaya, tana kuma kiran 'yan'uwa ta raba musu kwana.

Tsafe na da kwalejin koyon aikin lafiya, Gusau na da ta koyon jinya da unguwarzoma, kuma ɗalibansu ne ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara. Babu abin da na lissafa a sama, in ban da mofin da hoton zuciya, da ya fi ƙarfin a koya musu shi da yatsa, sikeli da mafici. Kai kuma mai jinya, ranar da za a sallami naka, kada ku fita sai an rubuta muku nauyinsa na wannan rana, da lokacin shan kowace ƙwaya, da lambar wanda za ku kira idan ya ƙaru da kilo 2.